Makullin Bas da Shaidar Balis

Daga:
Hajiya Hadijatu Mamman,
Mai shagon atamfa, Glass, Libreville,
A madadin ƙanenta, Saïdou Mamman, direban bas ɗin ƙungiya.

Zuwa ga:
Mai girma Alhaji Hammadi Sali,
Shugaban Ƙungiyar Taimakon Juna ta Direbobi da 'Yan Kasuwa,
Awendjé, Libreville.

Laraba, 14 ga Mayu, 2025

Game da: Karɓe makullin bas daga hannun Saïdou Mamman bisa shaidar na'urar binciken inji da ake kira balis

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da nisan kwana, ina neman izinin gabatar da ƙorafin ƙanena. Da kansa ya so ya rubuto, sai dai tun ranar da aka karɓe masa makulli hannunsa bai riƙe komai da kyau ba sai kofin shayi, kuma ko da can shi da alƙalami gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Ni ce babba a ɗakinmu, ni na goye shi, saboda haka na san gaskiyarsa, na kuma san inda take ƙarewa. Ranar Lahadi mai zuwa, 18 ga Mayu, kwamiti zai yanke ko a mayar masa da makullin ko a miƙa wa wani. Ina roƙon Shugaba ya karanta wannan takarda shi kaɗai kafin ranar.

1. Shekara goma sha ɗaya ke nan mai ƙorafi yana jan bas ɗin ƙungiya. Ya kai mata biki, ya ɗauko baƙi daga filin jirgi, ya kai gawa makwancinta yana tuƙi yana share ido da hannun riga. Ko kaza bai taɓa bugewa ba. Kullum safiya sai ya wanke motar nan, a garin da ruwan sama ke wanke kowace mota kyauta. 'Ya'yansa huɗu da wannan makullin suke ci, da shi suke zuwa makaranta.

2. A watan Fabrairu wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kunnu a tablon motar, wato allon agogunan da ke gaban direba. Ba zan ɓoye wa Shugaba ba, mai ƙorafi bai sanar da kwamiti ba. Ya kashe mota ya tayar, fitila na nan. Ya buga tablo da tafin hannu, fitila na nan. Ya kasa kunne ya ji inji na tafiya lafiya, sai tsoro ya kama shi kada a ajiye motar a ce shi ya lalata ta. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗauko hoton Shugaba, irin ƙananan nan da aka raba lokacin zaɓen ƙungiya, ya manna shi daidai kan fitilar. Ya ce mini ya zaɓi hoton ne don girmamawa, ni kuwa na ga girman hoton ya zo daidai da wurin. Duk ranar da hadari ya rufe gari sai goshin Shugaba ya riƙa haske a tablo, har wasu tsofaffin mata da ke zama a gaba suka yi ta yaba ibadar Shugaba. Mai ƙorafi bai ƙaryata su ba, domin ba tarbiyyarmu ba ce musu da manya.

3. Ranar Asabar, 3 ga Mayu, ya ɗauki mata goma sha bakwai zuwa suna a Ntoum, ina cikinsu. Muna barin gari motar ta fara karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta ƙi ja, har manyan motocin katako suna wuce mu suna mana oda. Mun isa Ntoum an cinye rago, an wanke tukwane. Shugaba ya san matan ƙungiya, ya san abin da ake nufi da a kai su suna bayan an wanke tukwane. Kafin mu dawo Awendjé labari ya riga mu isa.

4. Washegari, Lahadi 4 ga Mayu, kwamiti ya kira shi. Aka tambaye shi ko wata fitila ta taɓa kunnuwa, ya ce ai da safiyar Asabar ɗin ta fara. Wannan ƙarya ce, ranka ya daɗe, kuma na ja masa kunne a kanta, da hannu ba da baki ba. A nan ne Sakataren ƙungiya, Malam Haitham, ya zaro balis daga jakarsa. Ni da na ji sunan na zaci akwati ne, don haka ake kiran akwati da Faransanci, ashe wata 'yar aba ce da ba ta fi tafin hannu ba, da igiyarta. Ya durƙusa ya soka ta a wani rami ƙarƙashin sitiyari, wanda mai ƙorafi ya shekara goma sha ɗaya gwiwarsa na gogarsa bai san da shi ba. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta fito da harafi da lambobi, P0302. Sakatare ya duba ya ce silinda ta biyu ce ba ta kama wuta sosai. Makanike ya kwance bujin wurin, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira fulogi, ya same shi baƙi ƙirin, ya sa sabo. Kafin shayi ya huce inji ya koma daidai. Har nan ba mu da ƙorafi, mun ma yi wa balis addu'a.

5. Ƙorafinmu ya fara ne daga inda Sakatare ya ƙi zare igiyar. An kira na'ura ta duba mota, ta duba, ta gama, sai aka ci gaba da latsa ta har ta koma duba direba. Ta ce motar ta yi tafiyar kilomita dubu biyu da ɗari uku da goma sha shida da fitilar a kunne. Sakatare ya karanta wannan lamba sau biyu, a hankali, da Hausa da Faransanci, don kada wani ya tafi gida bai samu rabonsa ba. Ta kuma ce a daidai lokacin da fitilar ta fara kunnuwa motar na gudun ɗari da goma sha biyu, alhali dokar ƙungiya tamanin ce. Sai ga wani ya kai hannu ya ɓare hoton. Aka yi dariya, aka ƙara, har da waɗanda mai ƙorafi ya kai iyayensu maƙabarta. Ya tsaya da hularsa a hannu, mutum mai shekara arba'in da tara, yana kallon ƙasa. Wallahi, ranka ya daɗe, ban taɓa jin zuciyata ta yi zafi a ƙasar nan kamar ranar ba.

6. Game da gudun, muna jawo hankalin Shugaba cewa balis ta faɗi lamba amma ba ta faɗi rana ba, ba ta kuma faɗi dalili ba, kuma babu wanda ya tambayi direba. Ranar ita ce Talata, 11 ga Fabrairu, da hantsi. Wata baiwar Allah mai suna Aïssata ce naƙuda ta kama a gidan gwaggonta a Ntoum, abin ya zo da gardama, aka ce sai babban asibiti a Libreville. Mijinta na zaune a kujerar gaba, yana dukan tablo da hannu biyu, yana rantsuwa cewa idan ba a taka motar nan ba bai yafe ba duniya da lahira. Mai ƙorafi ya taka. Allah ya sauke ta lafiya, yarinya ta cika wata uku yanzu. Mijin nan shi ne Malam Haitham, wanda ya karanta ɗari da goma sha biyu a gaban jama'a yana girgiza kai. Mai ƙorafi ya yi shiru ranar Lahadi don ya ce ba a tona naƙudar matar mutum a taro. Ni ban ɗauki wannan alkawari ba.

7. Saura zancen rufe fitila, wanda kwamiti ya kira cin amana. A kan wannan ina neman afuwar Shugaba tun kafin in fara. Shagona a Glass yana kallon bayan sito ɗin Shugaba, kuma mai sayar da atamfa ba ta da aikin da ya wuce kallon titi. Ranar Juma'a, 9 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci, na ga Sakatare a durƙushe ƙarƙashin sitiyarin farar motar Shugaba, wadda duk wanda ya taɓa shigarta ya san irin wannan fitila na kunne a cikinta tun azumi. Ba a buɗe gaban mota ba, ba a kira makanike ba, ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya latsa, ya zare igiya, na ga Shugaba ya leƙa tablo ya yi murmushi. Ni jahila ce a harkar inji, shi ya sa na tambayi wani mai garaji da ke sayen zane a wurina. Ya ce mini balis na iya goge fitila ba tare da an gyara komai ba, ciwon yana nan, bayan 'yan kwanaki ta dawo. Ya ƙara da cewa duk wanda ya sake soka ta, za ta faɗa masa kilomita nawa aka yi tun da aka goge. Ba ni da shakka Shugaba na da dalili mai kyau. Na dai ji ana cewa Limaminmu ne zai sayi motar, kuma ranar Asabar ya zagaya da ita ya yaba yadda tablonta yake fes.

Bisa abin da ya gabata, muna roƙon Shugaba, cikin ladabi, ɗaya daga cikin biyu. Ko dai a ɗauki rufe fitila a matsayin kuskure irin wanda kan samu ɗan Adam, babba da ƙarami, a ja wa Saïdou kunne a rubuce, a mayar masa da makullinsa ranar Lahadi a gaban mutanen da suka yi masa dariya. Shi kuma ya yi alkawarin duk fitilar da ta sake kunnuwa, ko ta sigina ce, sai kwamiti ya ji kafin ya kashe mota. Ko kuma, idan kwamiti ya tsaya a kan cewa cin amana ne, to a zo da balis wurin taron a soka ta a motar kowane ɗan kwamiti, a fara daga sama kamar yadda girma ya tanada, Liman na zaune a matsayin shaida. Duk wanda Shugaba ya zaɓa, mu masu biyayya ne.

Ina ƙara tabbatar wa Shugaba cewa abin da ke sakin layi na bakwai bai fita daga bakina ba. Uwargidan Liman takan zo shagona duk Alhamis duba sababbin atamfofi, mukan daɗe muna hira, ni kuwa shekaru sun fara sa bakina yana riga ni. Zan yi iyakar ƙoƙarina gobe, kuma amsar Shugaba za ta taimaka mini ƙwarai.

Allah ya ja zamanin Shugaba, ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Mai biyayya a kullum,
Hajiya Hadijatu Mamman

Dangwalen yatsan mai ƙorafi: Saïdou Mamman

Kwafi: ba a aika wa kowa ba tukuna.