Na Ci Zinare a Holand

Babana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da ciwon bayanta? Ƙanena Ludwik ya daina gudun makaranta kuwa?

Baba, na ci! Zinaren gasar duniya ta tseren zamiya a kan ƙanƙara, mita dubu uku, yana wuyana yanzu haka. Da 'yar Holand aka haɗa ni, a garinsu, mutanensu sun cika fili suna ta busa ƙaho. A zagayen ƙarshe cinyoyina suka mutu. Sai na ji kocinmu, tsoho Wiktor, yana ihu: "Bogna, barci kika zo yi? Kakarki ma ta fi ki sauri!" Haushinsa ne ya kai ni layin ƙarshe. Da sakamako ya fito, shi ya riga ni kuka.

Gwiwar nan tawa mai ciwo da sauƙi, kumburi ne kawai. Idan Mama ta ga bandeji a talabijin, ka ce mata kowa na ɗaurawa.

Da aka ɗaga tutar Poland, filin duka ya miƙe tsaye. Ni kuwa taken ƙasarmu ya ɓace mini, sai motsa baki nake, hawaye na zuba.

A dafa mini miyar kabeji, ina tafe. Allah ya bar mu tare.

'Yarka,
Bogna