Baba Ya Ƙi Aikin Ido

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan Illela lafiya lau, sai dai zancen Baba da ya hana ni sukuni.

Yanar idon nan tasa ta ƙaru ƙwarai. Ranar kasuwa amininsa na Ƙonni ya tsaya gabansa, bai gane shi ba sai da ya yi magana. Mun kai shi Sakkwato, likita ya ce aikin ba wuya, amma sai da yardarsa. Baba ya ƙi.

Da muka dawo na durƙusa na ce, "Baba, ba ka son ka ga jikokinka?"

Ya ce, "Ɗiyata, mi zai hana in so? Ina so har raina. Amma so daban, niyya daban. Ɗan hasken da ya rage mini nike ganin hanyar masallaci da shi. In na ba su suka kashe shi fa?"

Kawu ya ce a ɗauke shi da ƙarfi, ni kuwa ba zan iya tilasta wa wanda ya haife ni ba.

Yaya, ka kira shi, yana jin maganarka. Kada ka yi masa gardama, tsoro yake ji.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya karkato da zuciyarsa. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hadiza