Ramukan Gangaren Kambaza

Gwandu, ranar Litinin.

Zuwa ga uwargidana Kubura,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da surukarmu mai jego Rahama da jaririyar. Yaya hidimar ruwan wanka, yaya mutanen Kalgo? Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi. Ƙanwata Delu na aiko mini da tuwo, amma miyarta ba ta kama ƙafar taki ba. Kada ki gaya mata.

Ban kira ki ta waya ba don kin san halin kunnena. Shekara talatin da ɗaya bisa injin tarakta, abin da ya bar mini ke nan. Malam Hamidu tela ke rubutawa ina faɗa, na kuwa gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Rahama ta karanta miki.

Jiya a kasuwa na ji cewa ɗanki Habibu ya karɓi aikin yanke ciyawar gangaren da ke bayan makarantar Kambaza, da tarakta, ranar Asabar. Sunan nan Malam Hamidu ne ya saka, ni ban taɓa kiran sunan ɗan fari ba, ba kuma yau zan fara ba. An ce ƙungiyar masu kiwo ke so a yanke a adana wa dabbobi kafin ta bushe wuta ta lashe. A kasuwa na ji, Kubura. Ni da na fara ɗora shi bisa kujerar tarakta tun ƙafarsa ba ta kai birki ba.

To, ki zaunar da shi ki gaya masa. Gangare ba fadama ba ne. Ba a gitta shi daga gefe zuwa gefe. Da baya ake hawa, a sauko da gaba, a giya ta ɗaya, kuma ƙafa ba ta taɓa kuloci sai an isa ƙasa. Ya haɗa birkin nan biyu ya kulle su wuri ɗaya. Ya buɗa tayoyin baya iyakar faɗinsu. Kada ya fara sai raɓa ta bushe. Kafin duk wannan kuma ya sauka ya taka wurin da ƙafarsa, da sanda a hannu, ciyawa ba ta faɗa wa mutum abin da ke ƙarƙashinta.

Ga babbar maganar. Yanzu suna kiran wurin Gangaren Makaranta. A zamaninmu Karofi ake ce masa, don marina ce. Kawuna ya yi rini a can, ni ke kai masa fura. Rabin tudun ma tokar marina ce da aka yi shekaru ana zubarwa. Ramukan rini bakwai ne, kowane ya fi tsayin mutum. Da sana'ar ta mutu aka cike su da shara da toka. Mutum ya bi ta kai lafiya, jaki ma ya bi, amma tayar tarakta za ta lume, kuma a kan gangare taya ɗaya ta lume an gama. Duk Kambaza yau babu wanda zai nuna masa su. Ni na san su kamar ɗakunan gidana.

Ki gaishe da kowa. Ki shafa mini kan jaririyar.

Naki,
Abu Direba.

*

Gwandu, ranar Alhamis.

Zuwa ga Kubura,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, da ciwon bayanki da kika ce ya motsa. Ki rage ɗaukar tukunyar nan, akwai masu ƙarfi a gidan.

Amsarku ta iso ta hannun direban motar Kalgo. Na sa Malam Hamidu ya karanta mini sau biyu, na biyun da ƙarfi, ko kunnena ne ya yi mini ƙarya. Wato ɗanki ya yi dariya. Ya ce taraktarsa sabuwa ce, tana da ƙarfen kariya bisa kujera, tana da bel, birkinta kuma ba irin na zamanin Baba ba ne. Ya ce gittawa zai yi ya gama kafin azahar, hawa da baya aikin yini guda ne. Ya kuma ce duk dokokin Baba ba su hana tarakta kifewa da shi a Malisa ba, tunda birki ne ya tsinke, shi kuwa nasa ba zai tsinke ba.

Bel ɗin ya ɗaura, ƙarfen ma alheri ne, mu ba mu samu ba. Amma maganar Malisa ita ta hana ni cin tuwon Delu jiya.

Na ce wa Malam Hamidu ya ajiye biro. Ya ajiye, ya koma kan kekensa ya gama wuyan riga guda, ni ina zaune. Sannan na ce ya ɗauka. Rahama, ki yi haƙuri, ba magana ce da ta dace suruka ta ji daga bakin surukinta ba, amma ke ce mai karatun, kuma mijinki ne zai hau gangaren.

Birkina bai tsinke a Malisa ba. Lafiyarsa lau. Shekara talatin da takwas ina faɗin haka, a majalisa, a gidan suna, a gaban yaran nan, har ni kaina na kusa yarda. Gaskiyar ita ce, ranar na fito da sassafe raɓa ba ta bushe ba, mutanen gari suka taru bakin gona suna kallo, don a lokacin ba kullum ake ganin tarakta ba. Wani maroƙi ya kama yi mini kirari. Na san doka sarai, ni ke koya wa sababbin direbobi ita. Amma hawa da baya a hankali ba abin kallo ba ne. Sai na gitta gangaren, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan ina ɗaga musu. Tayar ƙasa ta sami ramin gafiya. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kallon sama, ƙafata tana ƙarƙashin ƙarfe.

Da suka ciro ni wani ya ce hala birki ne. Na ce birki ne. Ke kuma kika yi wata huɗu kina jinyata da goyon wannan yaron a bayanki, ban taɓa gaya miki cewa son a gani ne ya jawo miki wahalar ba. Ki yafe mini.

Ban yi niyyar faɗa ba har in koma ga Allah. Amma ƙaryar da na yi don in rufa wa kaina asiri, ga shi yaron ya ɗauke ta zai hau gangare da ita. Gara a yi mini dariya a Gwandu. A karanta masa wannan takarda duka, kada a tsallake ko layi ɗaya don jin kunyata.

Gobe bayan Juma'a zan hau babur in je Kambaza. Malam Hamidu ya ba ni ƙyallaye ja guda bakwai, na kuma yanko kara. Ya saurare ni ko kada ya saurare ni, zai tarar da tuta a bakin kowane rami.

Naki,
Abu.

*

Gwandu, ranar Lahadi.

Zuwa ga uwargida Kubura,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, ke da Rahama da 'yar baƙuwarmu. Ina hanzarin aiko wannan ne don ki ji labarin daga wurina, na san ɗanki, zai ce miki an yi aiki lafiya, shi ke nan.

Ranar Juma'a na kafa tutocina bakwai. Ban yi laluben ko ɗaya ba. Daga tsamiyar da ke bisa tudu na ƙirga taku, na soka sandata, ta shige kamar cikin kunu. Mutanen ƙungiya suna biye da ni suna riƙe baki. Na kwana gidan shugabansu, Alhaji Sirajuddeen.

Asabar tun da safe suka taru suna jiran tarakta, ba ta iso ba sai da hantsi ya ɗaga sosai. Ɗanki ya tsayar da ita a ƙasan gangare ya kashe. Na duba tayoyin baya, an buɗa su. Na leƙa birki, a kulle. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafa, bai ambaci takarda ba, ni ma ban ambata ba. Sai ya tuɓe takalmansa ya ce in ara masa sandata.

Na ce masa me zai yi da ita, ga tutoci nan na gama masa aikin. Ya ce ai Baba ne ya ce a taka da ƙafa. Raina ya ɓaci, don na ɗauka bai yarda da ƙirgata ba ne. Ya shiga ciyawar nan da ta kai masa ƙugu, yana hawa yana sauka yana soka sanda. Alhaji Sirajuddeen ya ɗaga murya ya kira sunansa ya ce, direba muka ɗauko ko mai neman zomo? Aka yi ta dariya. Wani ya ce a kawo masa kare. Bai ko waiwaya ba.

Can sama, gabas da tsamiya, inda babu tutata ko ɗaya, sandar ta shige har mariƙi. Ya zare ya sake sokawa, ta sake shigewa. Dariya ta tsaya.

Na ce ƙarya ne, ramuka bakwai ne, gidan gara ya samu. Aka kama ni aka hau da ni. Da na ga bakin ramin a zagaye, da shuɗin da ya biyo tsinin sandar, sai na tuna. Akwai wani ramin rini da ya tsage ya daina riƙe ruwa tun kafin in fara kai fura, aka rufe shi, marina suka daina saka shi a lissafi. Ni ma haka na taso ina jin bakwai. Kuma daidai nan ne taya za ta tsaya idan ya hau da baya, a kan layin da ni da bakina na ce masa ba shi da komai.

Tuta ta ƙare. Ya kafa sandata a wurin, ya cire jar hularsa ya ɗora mata. Ya goyo ni a baya ya sauko da ni gindin wata bishiyar bedi. Sannan ya shafa ciyawa da tafin hannu, ya nuna mini, ya ce, Baba, raɓa ta bushe? A gaban mutane ya tambaye ni, Kubura. Na taɓa na ce ta bushe.

Ya ɗaura bel, ya hau da baya, ya sauko da gaba. Haka ya yi ta yi har bayan la'asar, ba gaggawa, injin yankan yana biye da shi, yana barin tsibirin ciyawa a kewayen kowace tuta don a yanke da lauje. Masu kallo suka gaji suka watse, ba abin kallo ba ne. Ni kaɗai na zauna har ƙarshe, ban taɓa ganin tuƙi mai kyau irin wannan ba.

'Yar takardar da kika ba shi ya kawo mini, Malam Hamidu ya karanta mini ɗazu. Wato tun a lokacin kin sani. Kin je Malisa ɗauko hulata da takalmina, kika ga sawun taya a gicciye, kika yi shiru shekara talatin da takwas kina jin ina ba baƙi labarin birki. To. Malam Hamidu yana dariya, na ce ya rubuta cewa yana dariya.

Sandata na can, na ce a bar ta har a cike ramin da dutse. Ki sa a nemo mini wata a kasuwar Kalgo, mai kauri, ki taho da ita idan an yi arba'in. In kuma wani ya tambaye ki ramukan Karofin Kambaza, ki ce takwas ne. Bakwai ni na sani, na takwas ɗana ne ya gano.

Naki har kullum,
Abu Direba.