Kujerar Baya ta Moris

Asabar, 19 ga Mayu, 1956

Na kai Moris Argungu. Ƙaramar motar da na saya hannun Baturen rijiyoyi da zai koma ƙasarsu. Sau biyu ta kafe a rairayi, manoma suka turo ni suna dariya. Malamin En'e guda, da farar riga!

Na tarar tarin Baba ya ƙaru. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan taru a gulbi, yau buta ma sai an ɗauko masa. Ƙanwata Hure ta ce in tafi da shi Birnin Kebbi wajen likita tun ruwa bai yanke hanya ba. Na ce ba yau ba. Motar da ta kasa ɗaukata ni kaɗai, in ta kafe da shi a tsakiyar rana fa? Sai na ƙara mata ƙarfi tukuna.

Don ta yi sauƙi na kwance kujerar baya na bar ta a zaure. Baba ya zauna a kai, ya shafa fatar. Ya ce, "Ummaru, to ni dai na shiga, kai nika jira."

Lahadi, 27 ga Mayu

Ban san komai a kan inji ba, gaskiya. Ɗanjuma, direban babbar motar kasuwa, ya ce salansa, tukunyar hayaƙin nan mai rage ƙara, ke shaƙe ta. Na cire. Yanzu ƙara kamar jirgin sama, gudu kamar jakin mai gishiri. Maƙwabtana a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi, sun daina amsa mini sallama da daɗi.

Laraba, 6 ga Yuni

Na buɗe kafireto, na faɗaɗa kafar mai da allurar ɗinkin buhu. Hayaƙi baƙi ƙirin. Amma ta ɗan ja, ko kuwa zuciyata ce ke ja.

Juma'a, 15 ga Yuni

Saƙon Hure ta bakin Ɗanjuma: "Yaya, mi kaka jira? Baba shina tohi da jini. A sa shi babbar mota." Ɗanjuma ya ce zai ba shi gidan gaba, kusa da shi. Na ƙi. Ina da mota, a ɗora ubana tare da buhunan albasa, mutanen ofis su ji? Na ce mako guda kawai.

Wai kullum da hantsi sai a fito da shi zaure, a kan kujerar. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa kan hanyar Birni yake.

Na yi dariya a gaban Ɗanjuma. Da ya tafi na kasa cin abinci.

Talata, 19 ga Yuni

Fulogi biyu sun ƙone. Sai an aiko daga Sakkwato.

Talata, 26 ga Yuni

An yi ruwa jiya kamar da bakin ƙwarya. Duk da haka na kama hanya bayan asuba. Ta yi gudu, wallahi ta yi gudun da ban taɓa gani ba, har na fara shirya abin da zan faɗa wa Hure. Ban kai rabin hanya ba lagireto ya tafasa, wani abu ya buga a cikin inji, ta yi shiru. Na zuba ruwan kududdufi, na juya hannun tayar da inji har tafina ya sale. Banza.

Na baro ta gindin wata tsamiya, na ƙarasa a ƙafa. Gaba kaɗan ma ruwa ya cinye hanya, babbar mota ba ta iya wucewa yanzu.

Baba ya dube ni, taɓo har gwiwa. Bai tambayi motar ba. Ya ce wa Hure, "Ba shi hura, ya gaji." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 28 ga Yuni

Baba ya rasu da azahar. Allah ya jiƙansa.

Litinin, 2 ga Yuli

Hure tana kawo abinci, tana ɗauke kwano. Masu ta'aziyya sun cika zaure, kowa a tabarma, ba wanda ya zauna a kujerar. Ni ma na kasa.

Lahadi, 12 ga Agusta

An jawo Moris gida da shanu tun makon jiya. Wani makaniki daga Sakkwato ya duba kafireto, ya tambaye ni wane maƙiyi ya yi mata haka. Na ce ban san shi ba sosai.

Na mayar da salansa. Ai ƙarar ce ta dame ni, ba wani abu ba. Kujerar ma masunta sun kawo ta cikin kwalekwale, na ɗaure ta a wurinta. Gefen dama ya lotsa, daidai inda yake zama. Makanikin ya ce zai cusa mata auduga ta miƙe. Na ce ya bar ta.

Da yamma na ɗan zaga gari. Wani mai keke ya wuce ni, ban taka mai ba. Sau biyu na sami kaina ina kauce wa rami a hankali, ina duba kujerar baya ta madubi.