Ƙullin da Ka Yi a Bakin Duro

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma da wa zan yi zancen kifi in ba kai ba? Duk wanda na fara yi wa, sai ya dube ni da tausayi ya kawo wata maganar.

Na fita takaba. Yaya Umaru ya zo daga Dandin Mahe da buhun albasa, bana ta yi musu kyau. Abokan aikinka na asibiti sun kawo dardumarka da kofin shayinka. Mahaucin nan na kasuwar Bodinga har yanzu yana aiko da zuciyar saniya, ina cire kitsen in niƙa wa kifayen kamar yadda kake yi. Inna tana so in koma Lambara, na ce ta bari damina ta sauka. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin dabbar da ba a ci, ba a yanka, amma ta fi masu gida shan ruwa mai kyau ba. Yaya Umaru kuwa ya ce in na gaji da raino in aika masa, ya ga faɗinsu daidai kaskon suyar gidansa. Ya yi dariya, sai kuma ya tsaya gaban akwatin gilashin da suke ciki ya daɗe yana kallonsu.

Ka tuna ranar da direba ya kawo su daga Legas cikin leda? Ka ce sunansu diskos. Na kasa faɗa, na sa musu 'yan faifai, kai ma ka koma kiransu haka. Ka ce ba a haɗa su aure, tara su ake yi su girma tare, sai biyu su ware kansu. Jan namijin da shuɗiyar macen sun ware tun kana nan. Abin da ban faɗa maka ba ranar, saboda kunya, shi ne ni ma da an tara mazan ƙasar nan an ce in ware ɗaya, kai zan bi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Maganar ruwa ce.

Ka sha gaya min ruwan rijiyarmu yana da zartsi, ko sabulu da ƙyar yake kumfa a ciki, su kuma ruwa mai laushi suke so. Shi ya sa duk damina kake tarar ruwan sama a duro, ka jera a rumfa, maƙwabta suna tsokanarka wai za ka buɗe gidan ruwa. Na bi yadda ka koya min. Ina zuƙe dattin ƙasa da tiyo, in rage tsohon ruwa in ƙara sabo, yawanci na sama, kaɗan na rijiya. Ina wanke soson tacewa a ruwan da na cire. Da zafin bazara ya tsananta, na riƙa lulluɓa jiƙaƙƙen buhu a jikin gilashin kamar randa. Sola tana riƙe da injin kumfa, ba ta ba ni matsala ba.

Durorin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, saura na ƙarshe a lungu. Shi ne wanda ka ɗaure murfinsa da robar tayar babur, da irin ƙullin nan naka mai kunne biyu. Malam, na kasa kwance shi. Kayanka an raba, rigunanka sun tafi wurin 'yan'uwa, takalmanka ma wani yana takawa. Wannan ƙullin kaɗai ya rage yadda hannunka ya bar shi. Nakan je rumfa in ɗora yatsana a kai in dawo.

Sai na koma zuba musu na rijiya zalla, ina ce wa kaina ai ruwa ruwa ne. Ba su mutu ba, amma sun lafe a kusurwa sun rage ci. A cikin haka shuɗiyar ta jera ƙwai a jikin tukunyar ƙasar da ka kife musu. Shekaru nawa ka yi kana jiran wannan? Na zauna a kujerarka ina kallo. Ƙwan suka yi fari, suka lalace duka. Ka taɓa cewa ƙwansu ba ya ƙyanƙyashewa a ruwa mai zartsi. Na ji muryarka kamar kana bayana.

Washegari bayan sallar walaha na kwance ƙullin. Robar ta yi tauri, sai da na sa haƙori. Ruwan yana nan garau, da sanyinsa, da ƙanshin daminar da muka yi tare.

Sun sake yin ƙwai, wannan karon sun ƙyanƙyashe. Da ka gani! Ƙanana kamar ƙwayar gero mai wutsiya. Iyayen suka yi duhu, na tsorata na ɗauka ciwo ne. Ashe 'ya'yan ne suke manne a jikinsu suna tsotsar wani abu daga fatarsu. Idan uwar ta gaji sai ta girgiza, su watse su koma jikin uban. Haka suke karɓa-karɓa. Ka san haka suke yi, ko? Shi ya sa kake zama gabansu bayan la'asar ba ka magana? Mu Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma ko sau ɗaya ba ka bari na ga damuwa a fuskarka ba. Ni ma ban bari ka ga tawa ba. Da mun zauna mun yi kukan tare ko sau ɗaya ne.

Masu 'ya'ya suna buƙatar canjin ruwa akai-akai, duron ya yi ƙasa har moɗa tana kankarar gindinsa. Hadari yakan haɗu ta wajen Sifawa, iska ta taso, ya watse. Kullum ina duban gabas kamar mai gona.

Yau da hantsi ruwan fari ya sauka. Matan unguwa suka fito da bokitai da baho. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina kallon indararo yana zubar da jan ruwa a ƙasa, ban tara ko moɗa ɗaya ba. Ka ce na fari wankin kwanon rufi ne, ƙurar rani da kashin tsuntsu, a bar shi ya wuce. Na bar shi ya wuce. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya, na ce mata na gaba nake jira.

Saura bokiti ɗaya na ruwanka. Na so in ɗura a kwalba in ajiye ƙarƙashin gado, amma 'ya'yan sun fi ni buƙata. Gobe zan zuba musu. Daga nan duk ruwan da za su sha, ni na tara.

Na wanke durorin na jera su kusa da indararo. Na gwada ƙullinka a bakin ɗaya, na gwada, na sake gwadawa, bai fito da kunne biyu ba. Me ya hana ni tsayawa in kalli hannunka lokacin da kake yi? Na ɗaure da irin nawa, na ɗaurin buhun gero. Zai riƙe.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ya sanyaya garin nan yau. Sai na zo.

Taka har kullum,
Hauwa'u, mai tsaron 'yan faifanka