Wasa-wasan da na sa matata ta dafa don motata ta sha caji

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara zagina ku daure ku karanta har ƙarshe, domin duk abin da za ku faɗa mini na riga na faɗa wa kaina.

Ni magidanci ne a Sokode, a unguwar Kpangalam nake zaune, ina sayar da kayan sola a kasuwa. Matata 'yar Dapaong ce, zan kira ta Hajara duk da ba sunanta ba ne. Mahaifinta fataucin shanu yake yi, ita kaɗai ce mace a 'ya'yansa, kuma kowa ya san ita ce 'yar lelensa. Bara na je Lome na sayo motar lantarki, irin ƙananan nan na China. A cikin gari ba ta da laifi ko kaɗan, in jona ta a gida, gari ya waye ta cika, in wuce masu layin mai ina ɗaga musu hannu. Matsalarta doguwar hanya. Tsakanin nan da Dapaong wurin caji mai sauri guda ɗaya na sani, a wani gidan mai a Kara, idan babu shi sai jonin gida, wanda sai mota ta wuni tana tsotsa. Da yayan Hajara, Yaya Isa, ya zo ya gan ta, sai da ya zagaye ta ya ƙwanƙwasa mata baya, ya ce, “Wannan ai firji ne mai taya. Ranar da ta taka Dapaong zan ba ka bijimi.” Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a rai.

Ranar da abin ya faru, bayan sallar asuba Yaya Isa ya kira ya ce jikin Baba, mahaifinsu, ya tashi, an kai shi asibiti, kuma sai kiran sunan Hajara yake. Kafin in gama sa riga ta yafa mayafi ta ɗauki jaka, ta ce, “Maigida, sauke ni a tasha in bi motar farko.” To a daren an ɗauke mana wuta, sai da asuba aka dawo da ita, batirin motar ko rabi bai kai ba. Na fita bayan ɗaki na kira wani abokina a Kara mai irin motata, ya ce, “Kai, wurin cajin nan ya mutu tun wancan sati, suna jiran mai gyara daga Lome. Kada ka fara.” Na ji shi sarai da kunnena. Amma me na yi? Na ce a raina Baba ai ya saba kwanciya ya tashi, watakila kafin mu isa an gyara, kuma yau ne zan tsayar da motar nan a ƙofar gidansu in ga fuskar Yaya Isa. Lokaci kawai nake buƙata batirin ya ɗan ƙaru. Sai na koma ciki na ce mata, “Ni zan kai ki da kaina, mun fi motar haya sauri. Amma haka za ki je wa marar lafiya hannu rabbana? Ki ɗan turara masa wasa-wasan nan da yake so, ko zai samu ya ci.” Baba yakan ce garin doyar Sokode daban ne, kuma babu mai turara shi kamar 'yarsa. Ta ajiye jaka ta hura wuta, ni kuwa ina tsaye a gindin mota ina kallon lamba tana hawa da ƙyar.

Hantsi ya yi sosai kafin muka tashi. Hawan dutsen Bafilo ya cinye abin da na tara, muka shiga Kara da ƙyar, kuma wurin cajin yana nan yadda abokina ya ce, an rufe shi da buhu an ɗaure da igiya. Kun san me na yi? Na dafe kai na yi salati kamar yanzu na fara ji. Na roƙi wani mai walda ya bar ni in jona a shagonsa. Hajara tana zaune a kan benci, kular abinci a cinyarta, ta ce, “Maigida, ga tasha can, ka bar ni in wuce, ka biyo ni daga baya.” Na ce motocin tasha sai sun cika suke tashi, kuma wane irin miji ne zai bar matarsa ta shiga garinsu ita kaɗai a irin wannan rana? Na ce ta ƙara haƙuri kaɗan. Ta ci gaba da zama, don ita ba ta taɓa musa mini ba. Muna nan har aka kira azahar, sai wayarta ta yi ƙara. Ban ji abin da aka faɗa mata ba, na dai ga kular ta zame daga cinyarta, mai waldan ya tare ta kafin ta kai ƙasa. A lokacin ne na bar motar a can na ɗauki shata, abin da ya kamata in yi tun a Sokode. Yaya Isa ya ce za su jira mu kafin a yi jana'iza, sun kuma jira iya ƙoƙarinsu, amma malamai suka ce ba a ajiye gawa a zafin nan. Muna garin Mango, ba mu kai Dapaong ba, aka yi masa sallah. Ba ta same shi da rai ba, ba ta kuma ga fuskarsa ba kafin a rufe likkafani.

Na zaci Yaya Isa zai ci mutuncina, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya riƙe hannuna ya ce, “Ka yi ƙoƙari, injin cajin ya mutu ba da saninka ba, haka Allah ya rubuta.” Ita kuwa Hajara kanta ta ɗora wa laifin gaba ɗaya. Ta ce da ba ta tsaya girki ba, da ko an samu matsala a Kara da sauran lokaci. Na ce ai ni na ce ki dafa. Ta ce, “Kai ɗan abu ka ce in yi, ni ce na tsaya har da soya nama da yin yaji. Mahaifina yana kirana ina gaban murhu.” Tun da muka dawo ba ta ƙara taɓa garin doya ba, wanda ya rage ta ba maƙwabta. Ta rame, dariyarta ta ɗauke, sai in shigo in same ta a kan darduma tana roƙon Baba ya yafe mata. Kuma ita ce ke lallashina, wai kada in sa damuwar mota a raina. Ina iya kallon idonta? Motar tana tsakar gida na rufe ta da tamfol, ko kusa da ita ba na son zuwa. Ina son matar nan, ban taɓa sanin ina sonta haka ba sai yanzu da nake tsoron ranar da za ta san wane ne ni. Idan na faɗa mata, zan sauke mata kayan da ba nata ba, amma na san za ta iya tattara kayanta ta koma Dapaong, kuma ba ni da bakin hana ta. Idan na yi shiru, aurena zai zauna, ita kuma ta ci gaba da ƙonewa a kan laifina.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta ce in je unguwar Komah wurin malamin da ya raɗa wa ɗanmu suna, in tambayar mata ko 'yar da mahaifinta ya kira ta tsaya dafa abinci har ya rasu tana cikin masu saɓa wa iyaye, da kuma abin da za ta yi Allah ya yafe mata. Ta ce ita kunya ba za ta bar ta ta faɗa da bakinta ba. Har yau ban je ba. Kullum na dawo daga kasuwa sai ta karɓi jakata, ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ce, “Maigida, me Malam ya ce?”

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?