Na Shafe Idon Na'urar Ɗana da Kwalta

Assalamu alaikum, Malam. Don Allah a taimaka a saurare ni, domin tun da ruwan Tiga ya cinye gonar mahaifina ina saurayi, ban ga ranar da aka nemi ra'ayina a kan komai ba. Na koma kamun kifi ba da son raina ba, na tsufa a cikinsa, yanzu kuma abin ya biyo ni har cikin gida. Ban yi boko ba, 'yata Saude ce ke rubuta wannan, na kuma ce kar ta gyara min magana.

Ina da kwale-kwale na katako, da shi na ciyar da 'ya'yana kaf. Ƙarfi ya ragu, don haka ɗana Hafizu ke tuƙi, ni ina jefa raga. Kwanaki ya dawo daga Kano da wata na'ura, wai tana nuna zurfin ruwa da kututturan da ke yaga mana raga, har da kifi. Tana da gilashi irin na waya, da batir, da wani ɗan baƙin abu da ya ce shi ne idonta. Ina kwance da zazzaɓi ya kife min jirgi, ya kafe idon nan a gindinsa da ƙusoshi. Ko shawara bai yi da ni ba.

Ba a jima ba ruwa ya fara tsattsafowa ta wurin ƙusoshin. Ni abin da na sani, in jirgi na yoyo sai a kife shi, a cusa tsumma, a narka kwalta a shafe. Haka na yi. Na shafe gindin duka har da idon, tunda ta nan ruwan ke shiga. Yanzu gilashin ba ya nuna komai. Hafizu ya ce da gangan na yi. Abin dai ban taɓa son sa ba, kuma har gobe ina zargin yana korar mana karfasa, amma ni yoyo na toshe.

Yanzu ya ce ko in bar shi ya huda gindin jirgin ya sa sabon ido, ko ya koma jirgin abokinsa Zayyad. In ya tafi wa zai tuƙa ni? Jirgi ya zauna a gaɓa, ni ma na zauna. Na kasa zama wuri ɗaya, in je bakin ruwa, in dawo, in sake komawa. Uwarsa na bayansa. Limaminmu ya ce in yi haƙuri. Kowa sai haƙuri. Ni ba haƙuri na zo nema ba, amsa nake so. Jirgin nan nawa ne ko nasa? Wani ya ba ni amsa ko da sau ɗaya ne.

Tsohon Masunci, Tiga

Wa alaikumus salam, Baba. Ga amsa: jirginka ne. Hafizu bai kyauta ba da ya buga masa ƙusa kana kwance, kuma kar ka yarda a huda shi. Tsohon katako in aka huda, yoyonsa ba ya ƙarewa.

Amma kai ma ka makantar masa da kayansa, ko da niyya ko babu. Idon nan sauti yake aikawa ƙasan ruwa ya dawo, kwalta kuwa ta tare shi. Ban kuma san masuncin da ya rasa karfasa saboda irin wannan na'ura ba. Yaron nan ragarku yake so ya tsare, kuma shi ne mai filafilin tuƙi a hannu.

Ku cire idon a hankali. A jiƙa kwaltar da man gyaɗa, a riƙa gogewa da tsumma, kar a kankare da wuƙa. In zafin kwaltar bai ƙona shi ba zai dawo aiki, in ya ƙone a nemi wani. Sai a ɗaura shi a ƙasan wani guntun katako, a maƙala katakon a gefen jirgi ta baya, idon ya nutse cikin ruwa yana kallon ƙasa sosai. Ranar shafa kwalta ko jan jirgi gaɓa, sai a zare a ajiye. Batirin kuma a sa shi cikin roba mai murfi. Ramukan ƙusoshin nan, kai za ka toshe su yadda ka saba.

Abu ɗaya ya rage, shi ne mai wuya. Kai za ka fara kiran sa, Baba, tun kafin ya ba Zayyad alkawari. Ka ce masa katakon za ka sassaƙa da hannunka, shi ya nuna maka tsawon da yake so. Mutuncinka ba zai ragu ba don ka yi hakan, shi kuma zai ji kunyar tafiya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya shirya tsakaninku, ya cika muku jirgi da kifi.